Ko Ya Ci Abinci?

Bari in amsa laifina tun ba a tuhume ni ba: ni ba na jin Indiyanci. Ban taɓa ji ba. Amma Kakata ta yi shekara biyu cur tana shaida wa mutanen Gumel ta waya cewa jikanta na Amurka ya fi Indiyawan kansu iya yarensu, ni kuwa ina gefe ina gyaɗa kai kamar wani shehin malami. Shekarata goma sha ɗaya lokacin da ƙaryar ta kai ni inda ban zata ba. Yanzu sha bakwai gare ni, kuma da firjinmu bai lalace ba, da wataƙila ban zauna rubuta wannan ba. Tun makon jiya yake wani gurnani mai tsawo, murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Umma ta ce a kira mai gyara. Ni kuwa duk sanda na shiga kicin sai in tsaya da kofi a hannu, domin na san wannan muryar.

A lokacin muna College Park, a hawa na uku na wani gidan haya. Baba yana karatun digirinsa na uku, Umma tana aikin jinya a asibiti. Da aka haifi ƙanwata sai aka ɗauko Kaka, mahaifiyar Baba, don ta yi raino. An ce 'yan watanni za ta yi, watannin suka yi ta haihuwa har suka zama shekaru. Turanci kuwa, ko zo in kashe ka ba ta ji. A Gumel in ta yi atishawa gida uku ne ke amsa mata. A nan sai ta wuni daga ita sai jaririya sai taga, tana kallon motoci suna wucewa ba wanda ya ɗago kai ya ce mata sannu.

Abin da ke ɗebe mata kewa shi ne finafinan Indiya da Umma ke sa mata a faifai. Idonta ya fara yana, saboda haka ba ta taɓa lura da ɗan ƙaramin rubutun Turanci da ke wucewa a ƙasan allon ba. Ni kuwa shi nake karantawa, in juya mata da Hausa, in ƙara gishiri da yaji inda na ga miyar ta yi lami. Wata rana ta dube ni ta riƙe haɓa.

"Maigida, kai kuma a ina ka koyi Indiyanci?"

Nan ne ya kamata in nuna mata rubutun. Sai na ce, "A makaranta mana. Ai a ƙasar nan har yaren tsuntsaye ana koya mana."

Ta ce, "Ja'iri!" Amma ta yarda.

Sai in gaya muku wani abu game da Kaka, don in ba shi ba, labarin ba zai zauna ba. Tana da auta, ƙanin Baba, wanda muke kira Baffa. Tun kafin in shiga makaranta ya bar gida da nufin tsallaka hamada ya nemi aiki a Libiya. Ya bugo waya sau ɗaya daga Agadas, ya ce gobe za su hau mota. Shi ke nan. Baba ya yi cigiya har ya gaji, ya daina ambatonsa. Kaka kuwa ba ta kuka, ba ta dogon zance a kansa. Magana ɗaya gare ta. Duk sanda aka ajiye mata kwano, sai ta dube shi ta ce, "Ko ya ci abinci?"

Ba wani take tambaya ba. Da safe gajeru take faɗin kalmomin, kamar mai tambayar ƙarfe nawa. Ranar Sallah, in nama ya cika kwano, sai ta ja su har ka ji kamar ba za ta kai ƙarshe ba. In ana ruwa can ƙasa-ƙasa take faɗa. Kalma huɗu ne, ba su taɓa canzawa ba, amma ban taɓa jin ta faɗe su iri ɗaya sau biyu ba. Kullum hannun Baba yakan tsaya a kan tuwo na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, nakan tsaya a bayanta ina motsa baki tare da ita, har ranar da Umma ta kama ni ta murɗe mini kunne ya kusa komawa ƙeya.

Bangon gidan nan siriri ne ƙwarai. In maƙwabci ya yi hamma, mu ke jin barci. Farkon faɗuwar ganye, lokacin da bishiyoyin unguwar suka koma ja da rawaya, aka sami sababbin maƙwabta. Wata Asabar da hantsi ina kwance ina wasan gem, sai na ji gurnani daga bango, irin na firjin da na gaya muku. Can sai muryar tsohuwa ta hau kansa, mai kauri, mai ɗan rawa. Ta yi ta waƙa tana tafiya lafiya lau, har ta iso wani baiti. Daga nan ta ƙi gaba. Ta faɗe shi, ta sake, ta kuma sakewa. Na fara ƙirgawa, na kai arba'in, yunwa ta kama ni, na je na ci biredi na dawo, tana nan a kansa.

Na ce, "Kaka, faifan matar nan ya karce. Bari in buga mata bango ko ta wuce gaba."

"Rufe mana baki," in ji Kaka. Ta riga ta jawo kujera kusa da bangon. "Kai kunnenka na ado ne. Baiti ɗaya ne, amma duk zuwan da za ta yi da ƙofar da take shigowa." Ta ƙara saurare, sannan ta juyo. "Me take cewa?"

Na manna kunne a bango, na lumshe ido kamar likita yana awon ƙirji. Ko kalma ɗaya ban taɓa ji a fim ba. Amma mutuncina ne a kan faranti, kuma na san a finafinan nan in tsohuwa tana waƙa, to abu ɗaya ne ya same ta. Na gyara murya na ce, "Cewa take, ɗana ya tafi bai dawo ba."

Wallahi Baffa bai faɗo mini a rai ba sai da maganar ta fita. Magana kuwa zarar bunu ce. Kaka ta ajiye carbinta a cinya, ta daɗe tana kallon bangon.

"Allah sarki," ta ce. "Ashe."

Washegari da safe Kaka ta fita baranda shanya kayan ƙanwata, sai ta ji ana ƙwala kira daga barandar kusa: "Kaaka! Kaka! Kaka!" Shekara biyu rabon da wani baƙo ya kira ta. Ta saki ɗan kamfai a ƙasa ta ce, "Na'am!" Wata 'yar tsohuwa ce mai furfura, ta naɗe jikinta da dogon zane, tabarau a hanci, farantin shinkafa a hannu. Suka tsaya suna kallon juna. Aka kira ni, ni da nake tafinta.

Da Turanci matar ta yi mini bayani. A yarensu kaka shi ne hankaka. Kowace safiya, kafin ta sa komai a baki, sai ta ajiye wa hankaki lomar farko don tunawa da magabatanta. Na yi dariya har na zauna a kan bokiti. Kaka ta ce me aka ce, na ce, "Ta ce tun tuni take son ku gaisa." Matar ta dafa ƙirji ta ce in kira ta Pati, wato kaka a yarensu. Kaka ta washe baki.

"Fati? Masha Allah! Ai sunan ƙanwata ne."

Na yi ƙoƙarin gyarawa, amma bakin Kaka bai san bambancin ba, kuma bai nemi sani ba. Har suka rabu, ɗaya tana kiran ɗaya Fati, ɗayar tana kiran ta hankaka.

Da la'asar Kaka ta cika kwano da dambun naman da take ɓoyo a akwatinta, wanda ko ni sai na yi rantsuwa take ba ni cokali ɗaya, ta ce in raka ta. Pati ta buɗe kwanon ta rufe da sauri, ta haɗa hannu tana ba da haƙuri: ita tunda aka haife ta ba ta taɓa cin nama ba. Kaka ta ce, "Baƙin ciki ne ya hana ta ci." Washegari ta jiƙa shinkafa ta toya waina. Pati ta ɗauki guda ta juya ta, ta shinshina, ta ruga kicin ta dawo da baƙar tanda mai ramuka bakwai, sak irin tamu. Suka yi ta ɗaga tandar suna dariya, kowacce tana surutu da yarenta. Ranar ban fassara komai ba.

Za ku ce yaya aka yi Kaka ba ta gane Turanci nake yi da matar ba. Dabara ce. Ina magana ina karkaɗa kai ina jan kalmomi, a kunnen Kaka kuwa duk yaren da ba Hausa ba ɗaya ne. Pati ta taɓa tambayata ko wuyana ke ciwo. Ita ce ta gaya mini yarenta Tamil ne, daga can kudancin ƙasarsu, kuma yaren finafinan nan ita ma ba ta jin sa sosai. In Kaka ta jefa mata 'yan kalmomin da ta tsinta a fim, sai ta yi murmushi kawai. Ni kuma in ce, "Ta ce kin iya ƙwarai."

Ɗakin Pati ƙamshin turaren tsinke da kofi yake. A ƙasa take zama ta naɗe ƙafa, ta kunna wani ɗan akwati da ke jone da wuta, shi ne mai gurnanin, shi ke riƙe mata murya kada ta kauce. In za ta fara sai ta bugi cinya da tafin hannu, ta ƙirga yatsu uku, ta sake bugu ta juya hannun, ta sake bugu ta juya. Takwas ke nan, sai a koma farko. Kaka ta ce, "Kamar tuyar waina: zuba, juya." Cikin mako guda ita ma hannunta ya kama.

Na tambayi Pati dalilin da take maƙalewa a wuri ɗaya. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ba maƙalewa ba ce, sunan abin nirawal, kuma ta yi shekaru tana koyonsa kafin malaminta ya bar ta ta yi shi a gaban mutane. Mawaƙi yakan zaɓi baiti guda daga cikin waƙa ya zauna a kansa. Kalmomin ba sa motsi, kowace tana da gidanta a cikin bugun nan takwas. Murya ce ke fita yawo, ta hau, ta gangara, ta zagaya, a hankali da farko sannan da sauri, kuma ba a shirya hanyar tun daga gida, a nan take ake samo ta. Sharaɗi ɗaya ne: duk nisan da ta yi, dole ta dawo gida a kan bugun da ta bari. Wannan kam na fassara wa Kaka shi daidai. Ta gyaɗa kai ta ce, "Dole ta dawo. Haka ne."

Matsalata ta farko ita ce ɗan Pati. Wani dogon mutum ne mai sanƙo da ke aiki a Virginia, ya fita da sassafe ya dawo da yamma, lafiyarsa ƙalau. Kaka ta gan shi a matakala. Na ce ai wannan babban ne, ƙaramin ne ya ɓata. Daga nan fa sai tambayoyi. Ta ina ya tafi? Na ce ta jirgin ruwa. Shekararsa nawa? Na ba shi ashirin da biyar. Na yi masa tabo a goshi, na sa shi buga ƙwallo, na ce ba abin da yake so kamar soyayyen kifi.

"Ba ka ce ba sa cin nama ba?"

"Ai shi ya sa ya gudu."

Duk Asabar da sabuwar hanyar da nake bi, amma kullum ina dawowa kan baiti ɗaya: ya tafi bai dawo ba. In Pati ta iso wurin, Kaka sai ta sunkuyar da kai, hannunta yana bugun cinya, hawaye yana bin kuncinta. Kaka da ba ta taɓa yi wa Baffa kuka a gabanmu ba. In an gama ta share fuska da gefen mayafi, su sha kofi. Bayan kowace sallah kuma sai in ji ta tana cewa, "Allah Ka dawo da nawa, Ka dawo da na Fati." Ta yi ƙiba. Ta fara tsokanata kamar da. Wata rana Baba ya dafa kaina a mota ya ce, "Abin da kake yi wa Kakarka ina gani. Allah Ya yi maka albarka." Na ce amin, amma ji na yi kamar an ɗora mini buhun gero.

A hunturun nan aka yi wata dusar ƙanƙara da ta binne motoci har madubi. An rufe makarantu kwanaki, gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar shebur daga nesa. Muna wuni a ɗakin Pati. Wata rana Kaka ta koma gida sallar azahar, aka bar ni da Pati, sai na ce bari dai in sani.

"Pati, baitin nan da kike zama a kansa, me yake nufi?"

Fuskarta ta yi haske. Ta ce yabo ne ga abar bautarsu ta haikalin garinsu, ma'anarsa kuwa: tafiyarki a hankali, kamar ta giwa.

Giwa. Wata biyar Kakata tana zubar da hawaye a kan tafiyar giwa.

Pati ta ce dama tana son ta tambaye ni. Ta rera baitin nan a gaban mutane da yawa, an yi murmushi, an girgiza kai, amma ba wanda ya taɓa kuka. Me ke sa kakata kuka? Na so in ƙirƙiro wani abu, na duba rumbun ƙaryata na tarar ba ko ƙwaya. Na faɗa mata duka, har da jirgin ruwa da kifi.

Ba ta yi faɗa ba. Hannu ta miƙa ta kashe akwatin. Sai da gurnanin ya ɗauke na san yadda ya cika ɗakin.

"Malamina ya taɓa hana ni waƙa wata uku," in ji ta, "don na yi nirawal a kan baitin da ban san ma'anarsa ba. Ya ce wanda bai san abin da yake faɗa ba, bai da ikon juya shi. Ni ɗa ɗaya na haifa. Ka je ka faɗa mata."

Na ce in na faɗa mata ba za ta ƙara zuwa ba. Kaka ba za ta zauna ana yabon abin bautar wani tana buga cinya ba, kuma ba za ta yafe wa kanta kukan da ta yi ba. Za ta koma bakin taga. Pati ta dube ni ta saman tabarau.

"Wannan kai ka ɗaura, kai za ka kwance," ta ce. "Amma ni ba zan ƙara rera mata baitin nan ba."

Ta kuwa cika alkawari. Mako biyu tana waƙoƙi tana wucewa ba ta tsayawa ko'ina. Kaka takan zauna da hannu a shirye, a gama ba a zo wurin ba. A matakala ta ce mini, "Maigida, ko na yi wa Fati laifi ne?" Na ce a'a. "Ko an sami mummunan labarin yaron?" Na ce ban sani ba. Ta fara cewa ƙafarta na ciwo, ba za ta je ba. Na ga ta jawo kujerarta ta mayar bakin taga. Sau uku ina zuwa gabanta da niyyar faɗa, sau uku ina tambayarta ko tana son shayi.

Pati ce ta tare ni a baranda, tana zuba wa hankakinta shinkafa a kan ƙanƙara. Ta ce akwai maganar da kakata ke yi duk sanda ta ajiye mata faranti, gajeriya, kullum ita ce. Me take nufi? "Gaskiya nake so wannan karon." Na gaya mata, na gaya mata labarin Baffa da wayar Agadas. Ta sa na maimaita kalmomin gaɓa-gaɓa, ta rubuta su a bayan ambulan da rubutunsu mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar an zubar da taliya. Ta ce ranar Asabar in kawo Kaka ko da goyo ne.

Ranar ta kunna akwatin, ta bugi cinya, ta buɗe baki ta ce, "Ko ya ci abinci."

Kaka ta ɗago kai da sauri. Ta dube ni, na dubi kafet. Pati ta sake, ta ɗaga muryar a wani wuri, sai Kaka ta kama baki.

"A'a, Fati, kin murɗe masa wuya. Ba haka ake faɗa ba."

Ta faɗa mata yadda ake faɗa. Hausa ba ta yarda a ja ta duk inda aka ga dama, in ka hau inda ake sauka sai maganar ta zama wata aba. Pati ta saurara, ta gwada, Kaka ta girgiza kai. Ta sake gwadawa. Sun kai sau goma suna haka, kamar masu cinikin akuya, har Pati ta gano inda kalmomin ke yarda a taɓa su da inda ba sa yarda. Daga nan ta kama hanya.

Ta fara a hankali, can ƙasa, kamar mai tambaya a bakin ƙofar ɗakin mara lafiya. Ta sake, ta ɗan tsaya a kan "ya", kamar tana neman fuskarsa. Ta faɗe shi da faɗa-faɗa, irin na uwar da ɗanta ya daɗe a wurin wasa. Ta hau da shi sama har muryarta ta tsufa ta fara tsagewa, kamar mai kiran wanda ya yi nisa a fili. Duk inda ta je, "abinci" yana faɗowa daidai kan bugunsa. Na gane wasu daga ciki: ga na safe, ga na ranar Sallah, ga na ranar ruwa. Wasu kuwa ban taɓa ji ba, amma daga fuskar Kaka na san ita ta san su. Can sai Kaka ta fara amsawa. Pati ta faɗa, ita ta mayar, irin amshin da mata ke yi a wajen daka. Suka ƙara sauri. Ni da nake tafinta ina zaune a tsakaninsu ba ni da aikin yi.

Pati ta taɓa gaya mini ba a tsayawa a tsakiyar bugu, ko gini ne ke rushewa sai an kai takwas. Suna kan na biyar Kaka ta miƙa hannu ta danne hannun Pati a kan cinyarta. Pati ta tsaya.

"Ya isa, Fati," in ji Kaka. "An tambaya."

Ba ta yi kuka ba ranar. Akwatin ya yi ta gurnani shi kaɗai.

Bayan magariba Umma ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Aka ajiye wa Kaka kwanonta. Na ga hannun Baba ya tsaya tun kafin a ce komai, don ya saba. Kaka ta dubi kwanon, ta ce bismillah, ta gutsura. Har muka gama cin abinci tambayar ba ta zo ba. Da ta wanke hannu ta ce, ba tare da ta dubi Baba ba, "Babansu, ka aika gida a yi wa yaron nan sadaka ranar Juma'a. Allah Ya jiƙansa." Baba ya ce to. Ya tashi ya shiga banɗaki ya kunna famfo, ruwan ya daɗe yana zuba.

Sannan ta juyo gare ni. "Kai kuma Maigida, ka gaya wa Fati ita kada ta cire rai. Na ruwa yakan dawo. Ba kamar na rairayi ba."

Ƙofa ce ta buɗe mini, ba wadda ta fi ta faɗi. Na ce, "To, Kaka."

Da zafi ya shigo ta ce gida take so, aka mayar da ita Gumel. Duk Lahadi muna waya. In ta gama tambayar karatuna da ko na yi mata kishiya a cikin Turawa, sai ta ce, "Ɗan Fati fa?" In ce, "Tukuna, Kaka." Na sha tsayawa gaban madubi ina gwada yadda zan faɗa mata: da dariya, da kuka, da sauri, a hankali. Kalmomin ba su da yawa, hanyoyin ne ba sa ƙarewa, kuma ban taɓa kawo ko ɗaya gida ba.

Yanzu muna Bowie, a gidan da bangonsa ke da kauri, ban san ko muryar maƙwabcinmu ba. Ƙanwata da Kaka ta yi rainonta tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Pati tana Woodbridge wurin ɗanta. Bara Umma ta kai ni gaishe ta. Muryar ta tafi, akwatin ma an ajiye shi, jikarta a waya take kunna gurnanin in za ta yi darasi. Amma hannun Pati yana kan cinya, yana bugu yana juyawa ko ana hira. Da za mu tafi ta riƙe rigata ta ce, "Ka faɗa wa hankaka?" Na ce a'a.

Kaka ta rasu da damina, shekara ɗaya bayan komawarta. Gwaggo da ta yi jinyarta ta ce har sallarta ta ƙarshe tana sa wani ɗan Fati a addu'a, sun yi ta tambaya a dangi ba a gane ko wane ne ba. Pati ɗa ɗaya ta haifa, yana nan da sanƙonsa. Baffa har yau ba labari. Ni kuma ban faɗa mata ba.